Wakilin Gonar Riɗi da 'Yan Ƙwallon Amurka

Duk wanda ya saba ratsa layin masu gyaran waya a kasuwar Gadarif ta ƙasar Sudan bayan la'asar ya san Mailafiya, ko da bai san sunansa ba. Dogon tsoho ne siriri, farar jallabiyarsa ba ta rabuwa da guga, yana zaune a kan kujerar roba a ƙofar shagon abokinsa Siddiq, ƙafar hagu a miƙe saboda ciwon gwiwa. Sunansa na yanka Haruna, amma tun yana saurayi aka daina kiransa da shi, domin ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga wa wani murya.

An haife shi a wani ƙauye kusa da Ƙala'at an-Nahal a shekarar 1951. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katagum da ƙafa da niyyar aikin hajji. Ya yi hajjin kuwa, amma a hanyar komawa ya ga baƙar ƙasar nan mai danƙo, ya shuka dawa damina ɗaya, daga nan bai ƙara gaba ba. Mailafiya ya fara yankan riɗi yana ɗan shekara goma sha huɗu. Yana da talatin da biyu wani Alhaji mai manyan gonaki a wajen garin Doka ya naɗa shi wakili, wato mai kula da gona da ma'aikata, ya riƙe aikin shekara talatin da uku cif.

Mutanen birni a buhu suke ganin riɗi, ba su san halinsa a gona ba. Dawa tana jiran mai ita. In ta nuna, ko wata guda aka yi ba a yanke ta ba, tana nan tsaye. Riɗi ba ya jira. Daga ranar da ganyensa ya yi rawaya, kwana goma ne ko goma sha biyu, sai kwanson ya buɗe baki ya zubar da ƙwaya a ƙasa, wahalar damina duka ta zama abincin tsuntsu da tururuwa. Saboda haka ƙwarewar wakili tana cikin abu guda: su wa ya ɗauko su yanka masa.

A zamanin can masu neman aikin yanka suna taruwa ƙarƙashin itatuwan tashar Doka, wasu daga yamma, wasu daga kudu, wasu sun tsallako daga Habasha ta Gallabat. Wakilai shida ne a yankin gonakin su Mailafiya, kuma kowace kaka sai sun yi cacar baki, wani lokaci har da sanda, a kan ƙarfafan samari. Mailafiya ne ya kawo shawarar da ta kashe rigimar a tsakaninsu. Aka yanka karan dawa shida masu tsawo daban-daban, kowa ya zari ɗaya. Mai dogon kara ya fara zaɓen mutum guda, na biye ya zaɓa, har zuwa na shida. Sannan na shidan ya sake zaɓa, a dawo da baya-baya. Haka za a yi ta kai da komowa har kowa ya cika lorinsa.

Sauran wakilai suna rububin masu faɗin ƙirji. Shi kuwa yakan duba tafin hannu da diddige, ya tambayi mutum gonar da ya yi bara da ranar da ya bar ta. Wanda zai tashi da lauje a rana ta goma sha ɗaya yake nema, ba wanda zai ba da mamaki a ranar farko ba. Ba ya ɗaukar fiye da mutum uku daga ƙauye ɗaya, tun shekarar da aka yi rasuwa a wani ƙauye bayan Gallabat, mutum goma sha bakwai suka ajiye masa lauje rana guda suka tafi jana'iza, riɗin faddan arba'in, wato kusan eka arba'in, ya zube yana kallo. In ya ɗauki gwani, yakan haɗa da wanda ya saba yanka a gefensa, don in zazzaɓi ya kayar da gwanin layin ba zai mutu ba. Abin da ya fi ba abokansa dariya shi ne, kafin zagaye na uku ya wuce ya riga ya ɗauki mai dafa abinci. Sukan yi masa tsiya, su ce cika ciki ya zo yi. Amma a mako na biyu, sa'ad da ma'aikatan wasu suka fara sulalewa saboda ɗanyen tuwo da miyar busasshen kifi mai yashi, nasa suna nan.

A 2016 gwiwa ta zaunar da shi, ya dawo gida wurin matarsa Zaituna. 'Ya'yansu maza uku suna cikin gari da iyalansu. Autarsu Ilaf kuwa, mijinta ya ci lotarin zama a Amurka, suka tafi a 2018, ta sami aiki a gidan kula da tsofaffi a wani gari na jihar Ohayo.

Zaituna ce mai magana a gidan. In Ilaf ta kira, uwa da 'ya sukan cinye awa guda a kan wa ya haihu, wa ya yi aure, akuyar wa ta shiga gidan wa. Sai a ƙarshe a miƙa masa wayar, ya ce, "Auta, lafiya? To, Allah ya yi albarka," ya mayar. A ganinsa hakan ya isa. Ai yarinyar ta tashi ne tana ganinsa rabin shekara kawai, sauran rabin yana daji.

Cikin azumin 2021 Zaituna ta rasu. Ilaf ta ci gaba da kira duk mako, amma da sun gama gaisuwa, ya tambayi mijinta, ta tambayi gwiwarsa, sai shiru ya biyo, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa. Kiran ya koma na mako biyu, ya koma na wata. Mailafiya mutum ne mai lura, ya ga inda abin ya dosa: wata rana zai zama sai ranar Sallah. Ya san yadda ake riƙe ma'aikata arba'in a daji, amma bai san yadda ake riƙe 'ya ɗaya a waya ba.

A tsakiyar watan Agusta na 2022, kafin yaƙi ya cika garin da baƙi, ta kira shi yana ƙofar shagon Siddiq, ana yayyafi. Gaisuwa ta ƙare, shirun ya zo, sai ita, don ta cike gurbin, ta ce da 'yar dariya, "Baba, wani shirme aka sa ni a wurin aiki."

Ta yi masa bayani. Abokan aikinta suna da wasa a cikin waya a kan ƙwallon Amurka, wannan da ake yi da hulunan ƙarfe ana ture juna. Mutum goma sha biyu ne, kowa yana zaɓen 'yan wasa na gaskiya daga ƙungiyoyi daban-daban ya haɗa tasa ƙungiyar. Duk abin da 'yan wasan suka yi a fili ranar Lahadi, maki ne ga wanda ya zaɓe su. Ɗaya daga cikinsu ta bar aiki, shi ne suka roƙe ta ta cike musu. Shekara huɗu tana wurin, wannan ne karo na farko da aka sa ta cikin wani abu da ba aiki ba.

"Ni ban san komai ba," in ji ta. "Ranar Asabar ta sama za a yi zaɓen. Ni ce ta goma sha ɗaya. Wai in an kai ƙarshe sai a juyo da baya."

Mailafiya ya janye ƙafarsa ya zauna sosai. "Tsaya, Auta. Na ƙarshe shi ke farawa a zagaye na biyu?"

"Eh."

"Wa ya koya musu?"

Siddiq, wanda ke sunkuye a kan wata buɗaɗɗiyar waya, ya ɗago kai don bai taɓa jin wannan muryar daga bakin tsohon ba.

Ranar nan sai da ladan ya kira magariba suka rabu. Ya tambaye ta irin ma'aikatan da ake buƙata, ta lissafa masa: mai jefa ƙwallo, masu gudu da ita, masu cafewa, da mai bugu da ƙafa. Ya tambayi waɗanda suka fi ƙaranci, ta ce ta ji ana cewa masu gudu, domin su ake yawan karyawa. Ya ce to da su za ta fara. Ya tambaya ko suna hutawa, ta duba ta ce kowace ƙungiya tana da mako ɗaya na hutu.

"Kada ki tara 'yan gari ɗaya," in ji shi. "Rana guda za su ajiye miki lauje."

"Baba, ba su da lauje."

"Ko me suke da shi, za su ajiye."

Ta yi dariya ta gaske, irin wadda yakan jiyo daga ɗaki sa'ad da uwarta ke raye. Cikin kwana goma da suka biyo ta kira sau shida. Ya sa aka sayo masa littafin 'yan makaranta, ya ja layuka da biro, ya rubuta sunayen 'yan wasan da haruffan Larabci yadda kunnensa ya ji su, da shekarun kowa, da sau nawa ya ji rauni bara. Siddiq ya laƙaba masa suna Wakilin Amurka.

"Ya Hajj," yakan ce, "kai da ba ka taɓa ganin wasan ba ko sau ɗaya!"

"Kai ka taɓa ganin cikin masana'antar da ta ƙera wayoyin nan? Ga shi kana buɗe su kana lalatawa."

Akwai abu ɗaya da ya tsaya masa a rai. Ilaf ta ce mai bugu da ƙafa ba ya shiga turereniya, kusan ba ya jin rauni, kuma kowane mako yana kawo ɗan abinsa. Mailafiya ya gyaɗa kai shi kaɗai. Ya gane shi. Wannan shi ne mai dafa abinci, wanda kowa ya raina.

Ranar zaɓen, ƙarfe huɗu na yamma a Gadarif, goma na safe a can, su goma sha biyu suka taru a ɗakin hutun ma'aikata. Ilaf ta sa abin ji a kunne ɗaya, tana yi masa magana ƙasa-ƙasa da Hausa. Kowa minti ɗaya da rabi ake ba shi. A zagayen farko suka ɗauki mai gudu, matashi wanda bai taɓa karyewa ba. A na biyu suka ɗauki mai cafewa. Da na uku ya zo, ya ce, "Yanzu mai bugu da ƙafa. Ɗauki wanda ya fi kowa."

"Baba, yana can ƙasan jerin. Ba wanda ya ko kalli wurin."

"Kullum can suke zama. Ɗauke shi kafin wani ya farga."

"Ka tabbata?"

"Shekara talatin da uku na yi ina wannan aikin."

Ta ɗauka. Mailafiya ya ji dariya ta fashe a ɗakin, ta mutane da yawa, wani namiji yana buga tebur yana ihu da Turanci. Bai ji kalma ɗaya ba, amma dariya ba ta buƙatar tafinta. Ilaf ta ce, da wata ƙaramar murya, "Zan kira ka," ta kashe.

Ba ta kira ba. Asabar ta zagayo, wata Asabar ta zagayo. Mailafiya yana zuwa shagon kamar kullum, ya ajiye wayar a kan cinyarsa, matar da ke sayar da shayi a layin ta kawo masa ya bar shi ya huce. Littafin yana aljihu, bai buɗe ba. Siddiq ya daina kiransa Wakilin Amurka, wannan kuwa ya fi tsiyar ciwo.

A rana ta goma sha shida Siddiq ya ture aikinsa gefe ya ce, "Khalas, ya isa haka, na gaji da ganin fuskar nan. Bari mu ga abin da ka aikata." Ya yi ta lalube a wayarsa, yana sa ta juya masa Turanci zuwa Larabci, yana karantawa da ƙarfi a hankali. Ƙungiyoyin gaskiya talatin da biyu ne, kowace da mai bugunta. Su Ilaf kuwa goma sha biyu ne, kowa ɗaya yake buƙata. Tsakanin wanda ya fi kowa da na goma sha biyu, bambancin ɗan kaɗan ne, kuma gwanin bara ba lalle ya zama gwanin bana ba. Shi ya sa kowa ke barinsa sai zagayen ƙarshe.

Mailafiya ya ciro littafin daga aljihu ya riƙe. A Doka, masu iya dafa wa mutum arba'in tuwo ya nuna ba su wuce biyu ko uku ba, gonaki kuwa shida. Wannan ne dalilin da ya sa yake riga kowa. Ya riƙe al'adar shekara da shekaru har ya manta dalilinta.

"Masu dafa abinci talatin da biyu," in ji shi a ƙarshe, "gonaki goma sha biyu."

"Ko makaho ya zaɓa zai samu."

"Tambaya ɗaya ce ban yi ba, Siddiq. Su nawa ne. Na tambayi komai ban tambayi wannan ba. Ita ta ga alama, ta ce na tabbata, ni kuma na danne ta da shekaruna."

"To, faɗa mata."

Mailafiya bai taɓa ba ɗansa ko 'yarsa haƙuri ba. Ba girman kai ba ne. A gidan da ya tashi ba a yin haka, uba yakan sayo tsire ne kawai ya ajiye, kowa ya gane. Amma tsire ba ya zuwa Ohayo. Siddiq ya nuna masa inda zai danna a waya ya tura saƙon murya. Sau uku yana farawa yana gogewa. A na huɗu ya ce:

"Auta, ni ne. Na bincika, na gano kuskurena. Mutanen nan suna da gaskiya da suka yi dariya. Na kunyata ki a gaban abokan aikinki, ke kuwa biyayya kika yi mini. Ki yi haƙuri. Sauran abin da na faɗa miki ina nan a kansa, amma wannan ɗin shirme ne. Shi ke nan. Gwiwa da sauƙi."

Washegari ƙarfe huɗu wayar ta yi ƙara. Da farko kuka Ilaf take yi, sannan dariya, sannan duka biyun. Ta ce ba fushi ta yi ba. Ta riga ta yi wa mutanen fahariya cewa babanta gwanin zaɓen ma'aikata ne a ƙasarsu, sai ga shi suna yi masa dariya yana ji. Kunyar wannan ce ta hana ta kira, don ba ta san me za ta ce masa ba.

"Ni ake wa dariya, ke kike ɓuya?"

"Baba, har yanzu ba su daina ba. Babbar nas ɗinmu kullum da safe sai ta tambaye ni lafiyar mai bugunmu."

"Da, tana tambayarki wani abu da safe?"

Ilaf ta ce, "A'a."

Ta gaya masa cewa bayan ta kashe wayar ran nan ta gama zaɓen ita kaɗai, amma ta bi sauran dokokinsa. Ba ta tara 'yan gari ɗaya ba. Ta ɗauki mataimakin mai gudunta a zagaye na goma sha biyu.

Daga nan Asabar ta zama tasu. Takan karanta masa waɗanda suka ji rauni, ya duba littafinsa, su yanke wanda zai shiga da wanda zai zauna. Sau da yawa ra'ayinsu yakan saɓa, kuma yanzu in ta ce a'a yakan tambaye ta dalili. A tsakiyar Oktoba, daidai lokacin da lorori ke wucewa zuwa Doka cike da masu yanka, namijin nan mai buga tebur ya wayi gari 'yan wasansa huɗu suna hutu rana guda, Ilaf kuwa, da aka haɗa su karawa a makon, ta lallasa shi. A Nuwamba mai gudunta ya gurɗe ƙafa, mataimakin ya riƙe layin mako uku. Mailafiya bai yi fahariya ba, sai dai ran nan ya saya wa duk layin masu gyaran waya shayi da madara.

Tsakanin sunayen 'yan wasa wasu maganganu sukan kutso. Ya ji labarin wata tsohuwa a wurin aikinta da ba ta yarda kowa ya taje mata kai sai Ilaf. Ita kuma ta ji labarin shekarar da ruwa ya datse hanyar Doka kwana tara, suka ci dafaffiyar dawa ba gishiri. Ba ta taɓa sanin wannan ba, shi ma bai taɓa tunanin za ta so ta sani ba.

Wasan ya ƙare a ƙarshen Disamba. Ilaf ta zo ta takwas cikin goma sha biyu. Siddiq ya ce da ba don wani wakili ba da ta zo ta biyar, Mailafiya ya ce haka ne. Yakan ce ya gode wa Allah, ya gode wa Siddiq, ya kuma gode wa matar nan da ta bar aiki ta bar gurbi, ko da yake bai san sunanta ba. Amma a ransa akwai tsoro. An gama yanka, an watse. Ba sauran raunin da za a karanta, ba sauran wanda za a zaunar. Asabar mai zuwa, in ta kira, me za su ce?

Ya zo shagon da wuri ran nan. Ƙarfe huɗu ta yi, ta wuce da minti goma, da minti ashirin. Siddiq yana ta goge gilashin wata waya da ya riga ya goge. Sai wayar Mailafiya ta yi ƙara.

Suka gaisa. Ya tambayi mijinta, ta tambayi gwiwarsa. Sannan ta ce, "Baba, akwai shawarar da nake nema, ba ta ƙwallo ba. Babbar nas ta ce in koma makaranta in zama cikakkiyar nas, za ta tsaya mini. Shekara biyu ne, kuma sai na rage aiki. Mijina ya ce in yi. Ni tsoro nake ji. Ban gaya wa kowa a gida ba."

Mailafiya ya yi wa mai shayi alama da hannu ta kawo wani, ya gyara zaman ƙafarsa.

"Ba zan ce komai ba tukuna," in ji shi. "Tambayoyi gare ni, kuma suna da yawa. Kina da lokaci?"

"Yau ba na aiki."

"To, fara daga farko. Makarantar nan, su nawa ke shiga, su nawa ke fitowa?"